Yadda Ake Amfani da Garin Ƙashi Wajen Gina Ƙashin Dabbobi Masu Tasowa

Masu karatu da ke kiwo sun daɗe suna turo tambayoyi a kan garin ƙashi, kuma kusan duk tambayoyin wuri ɗaya suke komawa: wace dabba ake ba, nawa ake zubawa a abinci, ko mutum zai iya sarrafa shi da kansa, da kuma abin da ya sa 'yan tsaki ke ci gaba da durƙushewa alhali an zuba musu garin. Amsar tana buƙatar a bi aikin daki-daki, domin yawancin asarar da ake tafkawa tana zuwa ne daga tsallake wani mataki ko yin na baya kafin na gaba.

Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin dabba yana cikin ƙashi da haƙora, haka kuma wajen kashi 80 cikin 100 na fosforas. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na dabba mai tasowa akwai wani faifan guringuntsi da ke ƙara tsawo, jiki kuma yana bin sa a baya yana zuba waɗannan sinadarai biyu har ya taurara ya zama ƙashi. Idan sinadaran sun yi ƙaranci, guringuntsin zai ci gaba da yaɗuwa bai taurara ba, sai gaɓoɓi su kumbura, ƙafafu su lanƙwashe saboda nauyin jiki. Aikin garin ƙashi shi ne cike wannan giɓi. Da zarar buƙatar dabba ta cika, duk abin da aka ƙara ba zai sa ƙashi ya wuce tsawon da jinsinta ya ƙayyade ba, kuma sau da yawa lahani yake jawowa.

Mataki na 1: A tabbatar akwai giɓi

Kafin a sayi ko da cokali ɗaya, a duba abin da dabbar ke ci a yanzu. Idan cikakken abincin kamfani ne wanda aka rubuta adadin kalsiyam da fosforas a jikin buhunsa, kuma an haɗa shi ne don irin wannan dabba a irin waɗannan shekaru, to an riga an zuba ma'adinan da take buƙata, bai kamata a ƙara komai ba. Giɓin yana fitowa ne ga mai haɗa abinci da kansa daga hatsi da dusa, domin masara, alal misali, kalsiyam ɗinta bai wuce kashi 0.02 cikin 100 ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku na fosforas ɗin hatsi a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna fayitet, wanda kaji da aladu ba sa iya warware shi sosai.

Daga nan sai a duba dabbar da hannu. A ɗauki ɗan tsako mai mako biyu ko uku, a ɗan matsa bakinsa tsakanin yatsu biyu. Bakin lafiyayye a tsaye yake, na mai laushin ƙashi kuwa lanƙwasuwa yake yi. A shafa ƙashin ƙirji a ji ko ya karkace. Idan akwai wanda ya mutu, a fito da ƙashin ƙaurinsa a gwada karya shi: lafiyayyen ƙashi yana karyewa da ƙara, mai rauni kuwa sai ya tanƙware kafin ya tsage, kuma za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi. A maruƙa da 'yan tumaki alamun su ne kumburin gwiwa, tafiya a sanƙare da jinkirin girma. Shanun da ke kiwo a ƙasa mai ƙarancin fosforas kan rasa sha'awar ci, su koma tauna itace, duwatsu da tsofaffin ƙasusuwa.

Gargaɗi: gurguncewa tana da sababai da dama da garin ƙashi ba ya maganinsu. Ƙarancin ma'adinin manganis yana sa jijiyar ƙafar tsako ta zame daga mazauninta, ƙarancin bitamin B2 yana naɗe yatsu, cutar Marek tana shanye ƙafa, ƙwayoyin cuta kuma suna shiga gaɓa su kumbura ta. Idan baki da ƙashin ƙirji suna da tauri amma kaji na faɗuwa, likitan dabbobi ake buƙata.

Gargaɗi na biyu: idan an ga shanu suna tauna ƙashin mushe, a kwashe ƙasusuwan daga makiyaya nan take. Binciken Arnold Theiler a Afirka ta Kudu, wajajen 1919, ya nuna cewa ta wannan hanya ce shanu masu ƙarancin fosforas ke haɗiyar gubar botulizim, wadda ke shanye jiki ta kashe.

Mataki na 2: A tantance dabbar da za a ba

Nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. Dabbobi masu tuƙa, wato shanu, tumaki da awaki, bai kamata a ba su garin ƙashin dabbobi masu tuƙa ba. An fara gano cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, kuma bincike ya danganta yaɗuwarta da garin nama da ƙashi da ake zuba wa shanu a abinci. Birtaniya ta haramta hakan a 1988, Amurka ta kafa tata dokar a 1997, Tarayyar Turai kuwa a 2001 ta faɗaɗa haramcin zuwa dukkan dabbobin da ake kiwo don ci, sai a 2021 ta sassauta ta yarda a ba kaji abin da aka sarrafa daga aladu, aladu kuma abin da aka sarrafa daga kaji. Abin da ke haddasa cutar wani gurɓataccen furotin ne da dafuwa ta yau da kullum ba ta lalata shi, kuma a 1996 aka sanar da alaƙarsa da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa a jikin mutane.

Saboda haka a fara da sanin dokar ƙasar da ake kiwo a cikinta. A ganina, ko a inda doka ba ta ce komai ba, mai shanu da tumaki ya nemi fosforas ɗinsa daga ma'adinin dutse, kamar DCP ko MCP, wato garin sinadarin kalsiyam da fosforas da aka tace don abincin dabbobi. Aikin da za su yi wa ƙashin maraƙi daidai yake da na garin ƙashi, kuma babu wannan fargaba. Sauran jagorar ta shafi kaji da sauran tsuntsayen gida, aladu, karnuka da kyanwoyi, a inda doka ta yarda.

Gargaɗi: haramcin yana iya karyewa ta bayan fage ba tare da mai kiwo ya lura ba. Injin da aka haɗa abincin kaji da shi, idan aka haɗa na shanu ba a wanke ba, ya gauraya su. Haka nan shimfiɗar ɗakin kaji da wasu ke ba shanu tana ɗauke da abincin da ya zube daga mazubi.

Mataki na 3: A zaɓi nau'in da ya dace

Abubuwa huɗu ake sayarwa da suna kusan iri ɗaya, kuma kowanne da abin da ya ƙunsa. Garin ƙashin da aka dafa da tururi mai matsi yana ɗauke da kalsiyam tsakanin kashi 24 zuwa 30 cikin 100, da fosforas kashi 12 zuwa 14, kuma shi ne aka fi amfani da shi wajen haɗa abinci. Tokar ƙashi, wato ƙashin da aka ƙona har ya yi fari, ta fi shi ƙarfi, domin kalsiyam ɗinta kan haura kashi 30, fosforas kuma ya kai 15 ko fiye, sai dai babu furotin a cikinta. Garin nama da ƙashi abincin furotin ne, wanda ke da furotin kusan kashi 50, kalsiyam wajen 10, fosforas wajen 5, don haka lissafinsa daban yake. Na huɗu shi ne garin ƙashin taki da ake sayarwa don lambu, wanda ba a sarrafa shi don ci ba kuma bai kamata ya kusanci mazubin abinci ba.

Wajen saye a nemi buhu mai lakabin da ya nuna adadin sinadaran biyu da yadda aka dafa shi. A buɗe a shinshina: gari mai kyau ba ya ɗoyi, ba ya ɗaurewa idan aka dunƙula shi a tafin hannu, kuma launinsa tsakanin fari ne da ruwan toka mai haske. Akwai gwaji biyu masu sauƙi na gano algus. A zuba rabin cokali a ƙaramin kofi a ɗiga ruwan tsami mai ƙarfi kamar binega: garin ƙashi kumfa kaɗan yake yi, amma idan ya taso yana tafasa, an cakuɗa shi da garin farin dutse, wanda babu fosforas a cikinsa. Sannan a sa ɗan kaɗan tsakanin gilasai biyu a murza: yashi yana karce gilashi, ƙashi kuwa murƙushewa yake yi. Wanda zai sayi buhuna da yawa ya kai samfuri ɗakin gwaji, domin kuɗin gwajin bai kai asarar garke ɗaya ba.

Game da tsada, kada a kwatanta buhu da buhu. Abin da ake saye a garin ƙashi shi ne fosforas, domin kalsiyam yana samuwa da araha daga laimiston (garin farin dutse) ko ɓawon kawa, waɗanda ke ɗauke da shi kusan kashi 38 cikin 100. Kilo 100 na garin ƙashi yana ba da fosforas wajen kilo 12 da rabi, kilo 100 na DCP kuma wajen kilo 18. A raba kuɗin kowanne da waɗannan alƙaluma, wanda kilon fosforas ɗinsa ya fi sauƙi shi ne mai araha na gaskiya.

Mataki na 4: Sarrafawa ga wanda zai yi da kansa

Ƙashi ya fito daga dabbar da aka duba lafiyarta kafin yanka da bayansa, a mayankar da hukuma ta amince da ita. A ware ƙoƙon kai da ƙashin baya na shanu, tumaki da awaki a bar su, domin ƙwaƙwalwa da lakar baya su ne inda gurɓataccen furotin ɗin nan ya fi taruwa.

Gargaɗi: kada a tsinto ƙashi a daji ko a juji, kuma kada a taɓa na dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman idan baƙin jinin da ba ya daskarewa ya fito ta hanci ko dubura. Wannan alamar cutar antiraks ce, wato ciwon saifa, wadda ƙwayoyinta ke rayuwa shekaru da dama a ƙasa da ƙashi, kuma tana kama mutum. Irin wannan mushe ba a feɗe shi, hukumar lafiyar dabbobi ake sanar wa.

Kayan aikin su ne gatari ko guduma, babbar tukunya, tukunyar tururi mai matsi ko murhun ƙonawa, injin niƙa mai ƙarfi, rariya, safar hannu da abin rufe hanci. A farfasa ƙashin kada gutsure ya wuce santimita 5, saboda zafi ya ratsa har tsakiya. A tafasa shi a buɗaɗɗiyar tukunya har nama da jijiya su saki, ɓargo ya narke, a riƙa kwashe kitsen da ke tasowa. Wannan tafasa wanki ce kawai. Kitsen da aka bari yana sa gari ya lalace ya yi wari cikin 'yan makonni, kuma yana toshe injin niƙa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Hanya ta farko ita ce dafawa da tururi mai matsi. Ma'aunin da Tarayyar Turai ta gindaya shi ne zafin digiri 133 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon minti 20 ba yankewa, da matsin da ya ninka na iska sau uku. Tukunyar matsi ta girki iyakarta wajen digiri 121, don haka ba ta cika wannan ma'auni ba, kuma ko cikakken ma'aunin rage haɗarin haukan shanu yake yi sosai, ba ya kawar da shi ɗungurungum. Ƙashin da ya dahu da kyau yana yin gautsi har a iya murƙushe shi da guduma ba wahala. Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa da wanda ba shi da injin matsi, ita ce ƙonawa. A jera busasshen ƙashi a kan ƙarfen raga yadda iska za ta shiga ta ƙasa, a ci gaba da wuta har hayaƙi ya ɗauke, ƙashin ya wuce baƙi, ya wuce ruwan toka, ya koma fari. A fasa babban gutsure a duba cikinsa: idan tsakiyar tana da baƙi, bai ƙonu ba, a mayar da shi wuta.

Gargaɗi: kada a hura wutar da taya, roba, baƙin mai ko katako mai fenti, domin gubar dalma da sauran dafin da ke cikinsu suna komawa cikin tokar, daga nan su shiga ƙwai da nama.

Wanda aka dafa da tururi sai an busar da shi sosai, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, a wurin da ƙuda, ɓeraye da tsuntsaye ba za su hau ba. Sannan a niƙa, a tankaɗe, a mayar da tsakin cikin inji. Tsinin ƙashi da ya tsere wa rariya yana iya huda maƙogwaron tsako. A yi lissafin kuɗin makamashi, niƙa da lokacin aiki tun kafin a fara, a kuma sani cewa abin da zai rage bayan ƙonawa bai kai rabin nauyin ɗanyen ƙashin ba. Ga mai kaji kaɗan, sau da yawa saye ya fi sauƙi.

Mataki na 5: Lissafin adadi

Ƙa'idar ita ce a auna garin ƙashi da buƙatar fosforas, sannan a cike ragowar kalsiyam da laimiston. Ma'aunin da Majalisar Bincike ta Amurka ta fitar a 1994 ya nuna cewa kajin nama a makonni ukun farko suna buƙatar kalsiyam kashi 1 cikin 100 na abinci da fosforas mai amfanuwa, wato wanda jiki ke iya ɗauka, kashi 0.45. Daga mako 3 zuwa 6 buƙatar tana sauka zuwa 0.9 da 0.35, daga mako 6 zuwa 8 kuma 0.8 da 0.30. Makonnin farko sun fi muhimmanci, domin tsakon da aka ƙyanƙyashe da nauyin giram 40 da ɗoriya yana iya haura kilo 2 cikin makonni shida, kuma ƙashin da zai ɗauki wannan nama tun farko ake gina shi.

Ga misali da kilo 100 na abincin farko. Ana buƙatar fosforas mai amfanuwa giram 450 da kalsiyam giram 1,000. Idan haɗin ya ƙunshi masara kilo 58 da garin waken suya da aka tatse mansa kilo 35, su biyun za su ba da fosforas mai amfanuwa wajen giram 130 da kalsiyam wajen giram 110. Giɓin fosforas ya zama giram 320. Idan garin ƙashin da ke hannu yana da fosforas kashi 12.5, kowane kilo yana ba da giram 125, don haka a raba 320 da 125, a samu kusan kilo 2.6. Idan kalsiyam ɗinsa kashi 28 ne, wannan kilo 2.6 ya kawo giram 728, a haɗa da 110 na baya ya zama 838. Saura giram 162, wanda laimiston giram 430 zai cike. Wanda ke amfani da tokar ƙashi zai zuba ƙasa da haka, shi ya sa ba a ɗauko adadin wani a yi aiki da shi sai an san abin da ke cikin nasa garin.

Gargaɗi: laimiston ɗin da ake nufi shi ne garin farin dutsen da ba a ƙona ba. Farar ƙasar da aka ƙona don shafe ko gini tana ƙona baki da hanji.

Kazar da ke yin ƙwai tana buƙatar kalsiyam kashi 3.5 zuwa sama da 4, domin kowane ɓawon ƙwai yana cin kusan giram 2. Wanda ya ce zai cike wannan da garin ƙashi kaɗai sai ya zuba kusan kilo 13 a kilo 100, fosforas kuwa zai ninka buƙata kusan sau huɗu, kuma yawansa yana raunana ɓawon ƙwai. A bar garin ƙashi a ƙaramin adadinsa, a cike da laimiston ko ɓawon kawa, wani ɓangare mai tsakin milimita 2 zuwa 4 wanda zai daɗe a ƙundu ya riƙa narkewa da dare lokacin da ake gina ɓawo.

Gargaɗi: kada a ba 'yan tsaki ko kaji masu tasowa abincin masu ƙwai. Yawan kalsiyam yana lalata musu ƙoda, kuma yana hana jiki ɗaukar fosforas, har a ga alamun laushin ƙashin da ake gudu. Ana ɗaga kalsiyam zuwa kashi 2 ko 2.5 ne kawai a makonni biyun da suka gabaci ƙwan farko, lokacin da kaza ke tara ajiyar kalsiyam a cikin ɓargon ƙashinta.

Karnuka da kyanwoyi suna da nasu lissafin. Tsokar nama zalla tana da fosforas da ya ninka kalsiyam sau goma ko fiye, don haka kwikwiyo ko ɗan kyanwar da ake ciyarwa da nama kaɗai jikinsa zai riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi har ƙashin ya yi siriri ya riƙa karyewa da ɗan tsalle. A nan ƙarin yana da amfani ƙwarai, kuma ana neman kalsiyam ya ɗan ɗara fosforas, kamar 1.2 zuwa 1. Amma kwikwiyon da bai kai wata shida ba hanjinsa ba ya iya rage shan kalsiyam idan ya yi yawa. Binciken da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a kan manyan karnuka jinsin Great Dane ya nuna cewa waɗanda aka ba abinci mai kalsiyam kashi 3.3 sun sami nakasa a guringuntsin gaɓoɓi da karkacewar ƙafa, idan aka kwatanta da waɗanda suka ci mai kashi 1.1. Abin takaici shi ne masu irin waɗannan karnuka su ne suka fi son ƙara gari, saboda suna ganin babban jiki yana buƙatar ƙari. Kwikwiyon da ke cin cikakken abincin kamfani ba a ƙara masa komai, mai haɗawa a gida kuma ya sa likita ya yi masa lissafi. Dafaffen ƙashi guda kuwa ba a jefa wa kare, domin yana tsagewa ya huda hanji.

Mataki na 6: A duba bitamin D3

Hanji ba ya shan kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D, kuma wannan shi ne amsar tambayar masu cewa sun zuba gari amma ba su ga canji ba. Kajin da ke rufe a ɗaki ba sa samun rana, wadda ke sa jiki ya samar da wannan bitamin, don haka dole bitamin D3 ya zo daga haɗin bitamin da ake zubawa a abinci. Nau'in D2 ba ya yi wa tsuntsaye aiki sosai. A duba ranar ƙarewar wa'adin haɗin, domin zafi da danshi suna kashe ƙarfinsa, haka ma abinci mai fumfuna yana hana shi aiki. Shi ma ba a wuce adadin da aka rubuta, saboda yawansa guba ne.

Idan haɗin yana ɗauke da fayites, wato sinadarin da ke warware fosforas ɗin hatsi, zai saki wajen giram 100 zuwa 150 a kowane kilo 100 na abinci, sai a rage garin ƙashi daidai da hakan, a sake lissafin laimiston.

Mataki na 7: Gaurayawa da ajiya

A auna da sikeli, kada a auna da kwano ko hannu, domin toka da dafaffen gari ba nauyinsu ɗaya ba. Kilo biyu da rabi ba ya bazuwa a cikin kilo 100 idan aka juye shi gaba ɗaya. A fara gauraya garin ƙashi, laimiston, gishiri da haɗin bitamin da niƙaƙƙiyar masara kilo 10, a juya har launi ya zama ɗaya, sannan a zuba wannan a kan ragowar kaɗan-kaɗan ana juyawa. Mai gaurayawa da shebur a daɓe ya kwashe tulin daga wuri zuwa wuri aƙalla sau uku.

Garin ma'adinai yana da nauyi da laushi, yana gangarawa gindin mazubi, kaji kuma tsakin hatsi suke fara tsincewa. Idan ana cika mazubi a kai a kai, garin zai taru a ƙasa a zubar da shi, alhali a takarda lissafi daidai yake. A bar kaji su cinye mazubi sau ɗaya a rana kafin a ƙara, kuma ɗan man da ke cikin haɗin yana taimakawa garin ya manne wa hatsi.

A ajiye buhu a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai iska. Gargaɗi: zafin dafuwa yana kashe ƙwayar cuta ta salmonela, amma gari yana sake ɗaukarta daga kashin ɓera, ƙazamin buhu ko wurin da aka ajiye ɗanyen ƙashi, don haka ɗanye da sarrafaffe ba sa zama ɗaki ɗaya. Daga kowane sabon buhu a ɗebi cikin tafin hannu a ƙulle a leda, a rubuta kwanan wata a ajiye.

Mataki na 8: Bibiya da ragewa

Kowane mako a auna nauyin wasu daga cikin dabbobin, a tsaya a kalli yadda suke tashi da tafiya, a sake gwada baki da ƙashin ƙirji. Idan ƙarancin ma'adinai ne matsalar, 'yan tsaki kan fara miƙewa cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan gyara abinci, kuma sababbin masu faɗuwa za su ragu. Ƙafar da ta riga ta lanƙwashe sosai ba ta komawa daidai, abin da ake nema shi ne kada wasu su bi sahu. Alamun an wuce gona da iri su ne yawan shan ruwa, jiƙewar shimfiɗa, raguwar ci, da wani farin abu mai kama da alli a kan zuciya, hanta da ƙodar kazar da ta mutu.

A riƙa rage adadin yayin da dabba ke girma, bisa alƙaluman mataki na 5, kuma duk lokacin da aka canza wani abu a haɗin a sake lissafi daga farko. Ƙara dusar alkama, alal misali, yana ɗaga fosforas sosai ba tare da kalsiyam ba. Idan mako biyu sun wuce babu sauƙi, kada a ninka garin. A ɗauki samfurin abincin da aka gauraya, da wanda aka ajiye a leda, da gawar tsako biyu ko uku da ba su daɗe da mutuwa ba, a kai wa likitan dabbobi ya duba ƙashi da ƙoda, ɗakin gwaji kuma ya auna ainihin kalsiyam da fosforas ɗin da ke cikin abincin.